Wanka bayan rana ta gasa jiki, da wanka bayan dukhan da lalle: yaushe, kuma da wane ruwa

Daga watan Maris zuwa Mayu duk wanda yake Marwa ko Garwa ko Kusiri ko Injamena ya san abin da ake ciki, zafi yana wuce digiri 40 kusan kullum, wata rana ya leƙa 44 har 45, kafin azahar ƙarfen moto ma ba ya taɓuwa, kuma ba kowa ke da halin zama a inuwa ba, ɗan kalando mai ɗaukar fasinja a moto sai ya fita, mai albasa sai ya je lambu, mai talla sai ta zaga kasuwa. Toh idan an dawo gida jiki ya yi duhu yana raɗaɗi, abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne ya faɗa bayi ya ɗau soso ya dirje son ransa wai ya wanke baƙin ranar. A nan ake ɓata fata. Ni dai a harkar gyaran jiki abin da na fi gani yana lalata fatar mutane ba ranar ba ce ita kaɗai, soson nan ne da ruwan zafi da gaggawa.

Wanka iri biyu zan yi magana a kai don dokarsu ba ɗaya ba ce. Akwai wankan wanda rana ta doka, shi ba ya buƙatar dogon jira. Akwai kuma wankan wadda ta sa wa fatarta launi da gangan, dukhan ne, wato turara jiki da hayaƙin itace, ko ƙunshi ko man nan na Turai mai sa fata duhu, ita kam jira ne rabin aikin.

Da farko dai ku sani baƙin rana ba dauɗa ba ne

Hasken rana idan ya daki fata, fatar ce da kanta take ƙara sarrafa sinadarin launi da ake ce wa melanin don ta kare kanta. Akwai ɗan duhun da ke bayyana nan take, amma duhu na gaske sai bayan kwana 2 zuwa 3 yake fitowa sosai, shi ya sa za ki je biki ranar Asabar ki sha rana sai Litinin ko Talata ki ga fuska da wuya sun canza. Wannan launin a cikin fata yake ba a samanta ba, ko za ki ƙarar da sabulu sanda guda ba zai fita ba, sai fatar ta sabunta kanta, kuma wannan yana ɗaukar wajen sati 4, a manya ma ya kan fi haka. Dirza kuma ƙara shi take yi, don mu masu baƙar fata duk wurin da ya ji ciwo ko ya kumbura da tabo mai duhu yake warkewa. Haka ma masu cewa wanka yana wanke bitamin D da rana ta ba jiki, ba haka ba ne, a cikin fata ake haɗa shi, ruwa ba ya kai wurin.

Mataki na 1: kafin maganar wanka, duba mutumin tukuna

Wannan shi ya fi komai muhimmanci shi ya sa na sa shi a gaba. Idan mutum ya dawo daga rana yana sambatu ko magana ta rikice, ko yana tangaɗi, ko amai, ko ya faɗi, jikinsa zafi rau, wannan ba gajiya ba ce, zafin ne ya fi ƙarfin jikinsa kuma yana kisa. A nan babu wani a bari ya huce, a kai shi inuwa a cire masa kaya masu nauyi a kwarara masa ruwan sanyi a jiki duka, a yi ta fifita, a sa jiƙaƙƙen zane a wuya da hammata da matsematsi, a nemi abin hawa zuwa asibiti ana tafe ana ci gaba da jiƙa shi. Idan ba ya cikin hayyacinsa kar a ɗura masa ruwa a baki zai shaƙe. Kuma kar a tsaya jira wai a ga ko ya daina gumi, wasu suna gumin ma abin ya kama su. Azumin 2024 da na 2025 duk sun faɗo cikin Maris, mun ga yadda mutane suka wahala, in abin ya kai haka a sha ruwa a rama daga baya, marar lafiya yana da rangwame.

In dai mutum lafiya lau yake, gajiya ce kawai da zafin fata, sai a wuce gaba.

Mataki na 2: zauna ka huce

Minti 15 zuwa 30 ya isa. Ka cire takalmi da riga da kadamul wato rawani, ka zauna a inuwa ko gaban fanka in akwai kuran wato wutar lantarki, ka sha ruwa a hankali kofi ɗaya biyu. Dalilin jiran ba wani abin tsoro ba ne, lokacin da jiki ya yi zafi jijiyoyin jini na fata a buɗe suke kuma ruwan jiki ya ragu, in ka miƙe tsaye a bayi mai tururi jiri yana iya ɗibarka ka faɗi a kan siminti, sannan in ka yi wanka gumi bai tsaya ba kana fitowa za ka sake jiƙewa kamar ba ka yi ba. Tsofaffinmu suna cewa wanka da ruwan sanyi cikin gumi yana shanye ɓarin jiki, gaskiya shanyewar ɓarin jiki hawan jini ne babban mai kawo ta ba ruwan randa ba, amma dai mai ciwon zuciya ko dattijo kar ya sheƙa wa kansa ruwan ƙanƙara farat ɗaya, ya fara da ƙafa da hannu sannan ya hau sama.

Kuma kar jiran ya zama kwana. Gumi da ƙura da gishirin jiki in suka kwana a fata su ke toshe ƙofofin gumi su kawo ƙurajen zafi, musamman a wuya da baya da ƙarƙashin mama.

Mataki na 3: ruwan

Ga inda mutane da yawa ba sa lura. Ruwan shato, wato tankin ruwa na sama, da ruwan famfo da la'asar a watan Afrilu ruwan zafi ne, bidon ɗin da ya wuni a tsakar gida ma haka, ka zuba wannan a fatar da rana ta riga ta ƙona ai ƙari ka yi mata. A ɗebi ruwan wanka tun safe a ajiye a ɗaki ko a randa, ko a sirka da na randa har ya zama in kin sa gwiwar hannu ba ki ji ɗumi ba kuma ba ki zabura ba. Sanyi-sanyi ake so. Ƙanƙara kai tsaye a kan fata a'a, tana ƙara lalata wurin da ya ƙone, in dole ne a naɗe ta a zane ko a jiƙa tawul da ruwan sanyi a ɗora minti 10 zuwa 15.

Samari masu cewa bari mu gangara Lagon ko Shari ko Binuwai mu yi iyo mu huce, ko masu kamun kifi a Maga da Lagdo, ku tuna da tsargiya. Ƙwayar cutar daga dodon koɗin ruwa take fitowa ta ratsa fata ko babu ciwo, daga baya yaro ya fara fitsarin jini. In ruwan kogi ne kaɗai ake da shi a ɗebo a ajiye kwana 2 kafin a yi wanka da shi, ko a tafasa a bari ya huce, ƙwayar ba ta daɗewa a raye in ba ta samu jikin da za ta shiga ba.

Mataki na 4: wankan kansa

Fara da ruwa zalla daga kai har ƙafa, kwano biyu uku, ƙura da gishiri su sauka tukuna, don in ka cuɗa sabulu a kan ƙura yashi kake gogawa a fata. Sai sabulu mai laushi, irin na jarirai ya wadatar, a tafin hannu za a yi kumfa a shafa, a fi mai da hankali kan hammata da matsematsi da ƙafa, inda rana ta fi duka kamar fuska da wuya da bayan hannu da kafaɗa a wuce su a hankali. Sabulun wanki na kuba dan Allah a bar wa kaya. Sabulun salo ina son shi amma ba ranar da fata ke raɗaɗi ba, yana da kaifi yana busar da fata, haka ma sabulan nan masu ƙarfin turare da waɗanda aka rubuta wai suna haske. Wanda ya shafa man kariyar rana shi dole sai ya sa sabulu don ruwa kaɗai ba ya fitar da shi.

Soso a rataye shi. Na raga, na buhu, na ludayi, dutsen goge ƙafa, duka. In fata ba ta ƙone ba kwana 2 ya isa a dawo masa, in ta ƙone sai ta gama saɓa ta warke. Kuma wankan ya zama gajere, minti 5 zuwa 10, daɗewa cikin ruwa yana kwashe maiƙon fata.

Mataki na 5: tsane jiki da shafa mai

Da tawul ɗin ana dannawa ne ba gogewa ba, a bar ɗan danshi, kuma a shafa mai tun fatar ba ta bushe ƙarau ba, cikin 'yan mintuna da fitowa, don man danshin da ya tarar yake riƙewa. In babu ƙuna man kaɗanya tsantsa ya ishe ki, ɗan kaɗan ki murza a tafi ya narke, ba sai kin sayi na tsada ba. In kuwa fatar tana zafi in an taɓa, a fara da ruwan cikin ganyen alobera, farin mai yauƙi ba rawayan da ke fitowa daga ɓawon ba, ko wani mai mara nauyi mara turare daga farmasi. Basilin da mayuka masu kauri a jira sai zafin ya fita, suna riƙe zafi a ciki.

Abubuwan da ban so in ji an shafa: man goge baki, man zafi na mura, kananzir, manja, danyen ƙwai. Sai lemon tsami, wannan sai na tsaya a kansa don 'yan mata sun ɗauke shi maganin komai. Ruwan lemon tsami yana da wani sinadari da in ya zauna a fata hasken rana ya same shi sai wurin ya ƙone ya bar tabo baƙi mai siffar yadda ruwan ya zubo, wani har ya ɗuri ruwa, kuma tabon yana yin watanni. Masu sayar da lemo da masu matsa shi a zoɓo ko a kifi a rana su wanke hannu da sabulu bayan sun gama. Wasu turaruka ma suna yin haka in an fesa a wuya aka shiga rana, gara a fesa a lafaya ko a riga.

Daga nan sai kaya na auduga masu faɗi, a ci gaba da shan ruwa har dare, in fitsari ya yi ja kuma kaɗan alamar ruwan bai isa ba ke nan, wanda ya yi gumi sosai ya haɗa da ruwan gishiri da sukari na sashe ɗin nan da ake ba yara masu zawo.

Idan ƙuna ce ta gaske

Wai baƙin mutum ba ya ƙonewa a rana, yana ƙonewa mana, jan ne kawai ba ya nunawa. Alamar ita ce fata ta ɗau zafi, ta ɗaure, riga ma in ta taɓa da ciwo, ga ƙaiƙayi, kuma abin ba nan take yake kai ƙarshe ba, sai bayan awa 12 zuwa 24 yake tsananta, shi ya sa mutum ya kwanta lafiya ya tashi da zugi. Bayan 'yan kwanaki sai ta fara saɓa. Kar a ɓare da farce, a bar ta ta faɗi da kanta ana shafa mai. A kwanakin nan ana iya watsa ruwan sanyi sau biyu sau uku a rana ba sabulu, yana rage raɗaɗi. Farasitamol yana taimakawa, ibufurofen ma haka amma shi ba a sha da yunwa, kuma mai olsa da mai ciki da mai ciwon ƙoda da wanda ruwan jikinsa ya ƙare su bar shi.

In ta tashi ta ɗuri ruwa kar a fasa, a rufe da tsabtataccen bandeji sako-sako. In wurin yana da faɗi, ko ga zazzaɓi da rawar sanyi, ko ya fara ruwa da wari, ko ƙaramin yaro ne, asibiti kawai. Jariri da bai kai wata 6 ba ma tun farko ba a barin rana ta same shi kai tsaye, uwa mai goyo a kasuwa ta lura da kansa da ƙafafunsa da suke leƙowa daga zane.

Mutum uku ne nake ƙara ja wa kunne. Zabiya, su fatarsu babu melanin ɗin da zai kare su, ƙunar rana a wurinsu tana taruwa ne har ta zama kansar fata, sai malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu da man kariya mai lamba 50, kuma duk wani gyambo da ya ƙi warkewa a nuna wa likita da wuri. Sai masu shafa man bilicin, mayukan nan masu haidrokwinon da sitiroyid suna sa fata ta yi siriri ta rasa kariya, rana kaɗan take ƙona su, shi ne za ki ga kumatu sun yi baƙi-baƙi kamar an ɗora garwashi alhali sauran fuskar ta yi ja, kuma ƙarin man ƙara ɓata wurin yake yi. Sai wanda yake shan doksisaikilin, maganin yana sa fata saurin ƙonewa, ya guji ranar ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma iya iyawarsa.

Yanzu ɓangaren mata: dukhan

Nan dokar ta juya. Dukhan da muka koya wajen 'yan uwanmu Larabawan Cadi da Sudan, a zauna kan rami ko kasko da itacen talha ko darot yana hayaƙi a lulluɓe da bargo, abin da ake nema shi ne ƙamshi da laushi da launin nan mai ɗan ja-ja da hayaƙin ke bari a saman fata. Tunda a sama yake zama, duk abin da zai kankare fata dole a riga a yi shi kafin a hau. Wato tsarin shi ne halawa ta cire gashi tukuna, a ba ta aƙalla kwana ɗaya fata ta huce don hayaƙi a kan fatar da aka cire wa gashi yanzu ƙuraje yake kawowa, sai wanka da dilka, haɗin nan da ake murje fata da shi, a tsane, a shafa mai kaɗan, sannan a hau.

Da kin sauka kar ki nufi bayi. Ki zauna a lulluɓe da zane mara nauyi gumi ya tsaya da kansa, ki sha ruwa sosai don gumin da aka yi ba kaɗan ba ne. Ni shawarata a yi shi da dare bayan isha'i a kwana da shi, da safe a watsa ruwa mai ɗan ɗumi kaɗan ba soso, sabulu a wuraren da suka zama dole kawai. Amaren da ake wa na kwanaki a jere haka ake tafiya da su, ruwa zalla kullum, sai a ƙarshe a bi da dilka a murje saman da ya taru sabuwar fata ta fito. In kika sa soso tun washegari kin yi asarar itacenki da kuɗinki.

Amma in faɗi gaskiya dukhan cikin zafin Afrilu da rana tsaka ganganci ne, kuma ranar da rana ta ƙona ki ba ranar dukhan ba ce, ba ranar dilka ko halawa ba ce, ki jira fata ta warke. Kar a yi shi a ɗaki a rufe ƙofa da taga, hayaƙin garwashi yana sumar da mutum ba tare da ya ankara ba, kanki kuma ya zama a waje da bargo. Mai ciki da mai asma da mai hawan jini su haƙura.

Lalle

Jan lalle sinadarin da ke cikin ganyen ne yake kama saman fata, kuma yana son lokaci, awa 4 zuwa 6 ko fiye, masu kwana da shi a leda ko a safa sun fi samun kamu. In ya yi a kankare da bayan wuƙa ko da hannu, ba wankewa ake yi ba, sai a shafa man kaɗanya ko man zaitun. Za ki ga ya fito ruwan lemo ki ɗauka bai kama ba, ki ba shi kwana 2 zai yi duhu da kansa. Wanka ki yi kafin a zauna ƙunshi, kuma kar ki shafa mai a wurin da za a zana don ba zai kama ba. Bayan an kankare in da hali a kauce wa sabulu da omo har kwana guda, wanke-wanke da wanki a roƙi ƙanwa ta taya, in wanka ya zama dole a shafe zanen da mai kafin a shiga. Ruwan jabel, bilic ɗin nan na wanki, kuwa shi ne babban mai cinye lalle.

Baƙin nan da ake zanen fulawa da shi labarinsa daban, yawanci ba lalle ba ne, rinin gashi ne mai sinadarin PPD. Shi da ya bushe a wanke da ruwa sosai, daɗewarsa a fata ba alheri ba ne. Yana ƙona wasu, zanen ya kumbura ya ɗuri ruwa daidai yadda aka zana shi, wani lokaci sai bayan sati ɗaya ko biyu abin yake tashi, kuma wadda ya taɓa yi wa haka ta rabu da shi ke nan har rinin gashi ma ta kiyaye, don karo na biyu ya fi muni. Yara ƙanana kar a sa musu shi sam. Jarirai ko jan lallen ma a bari, akwai masu wata larurar jini ta gado da lalle yake fasa musu ƙwayoyin jini, kuma ba a gane su da ido.

Man Turai mai sa fata duhu

Mu nan ana neman haske su can ana neman duhu, ikon Allah. Amma yana shigowa manyan kantuna a Injamena da Yawunde, kuma na ga masu sayensa don daidaita launi, misali wadda ta daina bilicin jikinta ya yi dabbare-dabbare ko mai farin tabo, don haka bari in faɗi yadda yake. Sinadarin da ke ciki ana rubuta shi DHA a jikin kwalba, wani irin sukari ne da ke haɗuwa da matattun ƙwayoyin saman fata su yi launin ƙasa, irin dai yadda bayan burodi yake yin ja a tanda. A yi wanka da soso da aski kwana ɗaya kafin nan, a shafa ɗan mai a gwiwa da gwiwar hannu da idon sawu don su sun fi sha su yi baƙi fiye da ko'ina, a shafa shi a busasshiyar fata, a wanke tafin hannu nan take.

Jiran wanka yawanci awa 6 zuwa 8 ne, akwai masu saurin kamu na awa 1 zuwa 4, abin da aka rubuta a kwalbar shi za a bi. A cikin awannin nan ba ruwa ba gumi, wanda a garuruwanmu ke nufin sai dare gaban fanka ko lokacin hunturu, in ba haka ba gumi zai zana miki layi-layi a jiki. Wankan farko ruwa zalla mai ɗan ɗumi, gajere, ba sabulu, za ki ga ruwa mai launin shayi yana sauka kar ki tsorata launin sama ne kawai, na gasken yana ci gaba da fitowa har awa 24. Sabulu sai wanka na biyu. Yana yin kwana 5 zuwa 10 sai ya koɗe, shafa mai kullum yana sa ya koɗe bai ɗaya. Kuma ba ya kare fata daga rana ko kaɗan duk da duhun. Gadon nan mai fitilu da Turawa ke kwanciya ciki don su yi duhu kuwa, 'yan uwanmu da ke Faransa ko Beljiyam kar wanda ya ja ku, tun 2009 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa.

To ina alwala da wankan wajibi?

Wannan ita ce tambayar da amare suke jin nauyin yi. Ba a jinkirta salla ko wankan tsarki don launi. Launin da ya riga ya kama fata, na lalle ne ko na hayaƙi, ba ya hana ruwa taɓa jiki, abin da ke hanawa shi ne ƙullin lallen da yake manne, shi sai an kankare. Kuma wankan janaba ko na haila ba a sharɗanta sabulu ko soso ba, ruwa ne ya game jiki, a mazhabarmu ta Malikiyya a bi da hannu a cuɗa, tafin hannu ya wadatar kuma ba zai cire launin ba sai dai ya ɗan rage kaifinsa in bai gama kamawa ba. Shi ya sa masu ƙunshi da suka san aikinsu suke fara ɗaurawa bayan isha'i a kankare kafin asuba, ko da safe bayan sallar asuba a kankare kafin azahar, wasu kuma su bari sai kwanakin da ba sa salla. In biki ranar Juma'a ne, halawa ta zama Litinin, dilka da dukhan Talata, ƙunshi daren Laraba, zuwa Juma'a ya gama yin duhu, kuma a kwanakin nan amarya ta zauna a gida kar a tura ta kasuwa cikin rana neman sauran kayan lefe.